Zaɓen Sanfefa Da Kayan Haɗin Injin Goge Katako

Jawabi ga kafintoci, da masu koyon sana'a, da masu ba da aikin katako

Duk wanda ya taɓa cinikin tebur, ko ƙofa, ko gadon katako, ya san cewa hannu ne yake fara magana kafin baki ya tambayi kuɗi. Mai saye yakan shafa fuskar katakon. In ya ji santsi, ciniki ya kama hanya. In kuwa ya ji kaushi, ko idonsa ya hango waɗansu zane-zane kamar sawun tsutsa a ƙarƙashin fenti, to, darajar aikin ta riga ta faɗi, ko da kuwa an yi haɗin katakon da ƙwarewa. Saboda haka ne kafintoci da yawa a ƙasar nan, daga Ikko har Maiduguri, suka tara kuɗi suka sayi injin goge katako mai aiki da lantarki. Abin takaici shi ne, bayan mutum ya zuba kuɗi mai yawa a kan inji, sai a ga ya aiki yaro bakin titi ya sayo kowace irin sanfefa ya samu, ya yanka da almakashi ya ɗaura. Alhali kuwa inji motsi kawai yake yi. Sanfefa ita ke cin katako, tafin injin shi ke riƙe da ita, ƙurar da ke tashi kuwa cikin huhun mai aiki take ƙarewa. Watau a wannan ɗan zaɓe da ake raina wa akwai kyawun aiki, da kuɗin maigida, da lafiyar yaran shago.

Gogar itace ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Masassaƙa da masu gyaran ƙwarya sun daɗe suna amfani da ganyen wani irin ɓaure mai kaushi, wanda Yarabawa ke kira ipin, domin sulɓe aikinsu. Takardar gurza irin ta kanti kuwa, wani Bature mai suna John Oakey ya fara yin ta da yawa a birnin Landan a 1833, da garin kwalba ya yi ta, ba da yashi ba. A 1891 wani Ba'amurke, Edward Acheson, ya gano yadda ake haɗa silikon kabaid a cikin tanderun lantarki, a 1921 kuma kamfanin 3M ya fito da sanfefar da ruwa ba ya lalatawa. Suna ne dai ya bi ta, amma sanfefar kirki ta yau babu yashi a jikinta ko ƙwaya ɗaya.

Abu na farko da ya wajaba kafinta ya iya karantawa shi ne lambar da ke bayan takardar. Ana tace ƙwayoyin gurzar ne da rariya, lambar kuwa tana nuna kusan yawan ramukan da rariyar take da su a tsawon inci ɗaya. Ke nan ƙaramar lamba tana nufin manyan ƙwayoyi masu kaushi, babbar lamba kuma tana nufin ƙanana masu laushi. Ƙwayar lamba 80 ta kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita, ta lamba 120 kashi ɗaya cikin takwas ce, ta lamba 220 kuwa kaurinta kusan na gashin kai ne. Sai dai a lura, ma'auni biyu ne suke yawo a kasuwanninmu. Wadda aka rubuta harafin P a gaban lambarta, kamar P120, ma'aunin Turai ke nan, wadda ba ta da harafin kuma sau da yawa ma'aunin Amurka ce. Daga ƙasa har zuwa wajen 220 bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Daga nan sama ne suke rabuwa, har P400 ta zama daidai da 320 ta Amurka, P1200 kuma ta yi kusa da 600. Mai goge tsakanin shafin fenti da shafi shi ya fi bukatar sanin wannan.

Yadda ake hawa waɗannan lambobi shi ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Kowace sanfefa karce take bari a jikin katako. Aikin wadda ke biye da ita shi ne ta share wancan karce ta bar nata, wanda ya fi shi ƙanƙanta, a yi ta tafiya haka har karcen ya ƙanƙance ido ya kasa ganinsa. Katakon da ya fito daga injin tsaga da sawun zarto a jikinsa, da lamba 60 ko 80 ake fara masa. Wanda aka riga aka fere ya daidaita, lamba 100 ko 120 ta ishe shi farawa. Lamba 40 kuwa ta cire tsohon fenti ce da rage tudu mai yawa, kuma duk wanda ya ɗora ta a kan katako mai taushi irin obece ko malaina zai sha wuya kafin ya ɓatar da ramukan da ta haƙa. Daga 80 sai 120, sai 150 ko 180. Ana iya tsallake mataki ɗaya, amma ba biyu ba. Yaron da ya tashi daga 60 ya faɗa 220 don maigida na gaggawa, abin da ya yi shi ne ya sulɓe kan tudun karcen ya bar kwarinsa. Hannu zai ji santsi, ido ma ba zai ga kome ba, sai ran da aka shafa launi, launin ya kwanta cikin kwarin, kowane zane ya fito ɓaro-ɓaro. A lokacin kuwa babu magani sai a kankare fentin duka a koma farko, an yi asarar fenti, da sanfefa, da yini guda.

Akwai dabara mai sauƙi da ke hana wannan. Kafin a fara kowane mataki, a ɗauki fensir a yi zane marar nauyi a duk fuskar katakon. Sa'ad da zanen ya ɓace ko'ina, matakin ya cika, sai a share ƙurar sarai kafin a sa lamba ta gaba, domin ƙwaya ɗaya ta lamba 80 da ta faɗo ta maƙale ƙarƙashin 180 ta isa ta zana tebur daga wannan baki zuwa wancan. In an gama, a kwantar da tocila a gefen katakon yadda haskenta zai bi fuskarsa a kwance. Abin da hasken rana ya ɓoye, wannan zai tona shi.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, watau wuce gona da iri. Waɗansu sun ɗauka cewa in aka kai ɗanyen katako lamba 400 ya fi kyau. Ba haka ba ne. Gogar da ta yi laushi da yawa tana toshe ƙofofin itacen, sai launi ya ƙi shiga, fenti kuma ya rasa abin kamawa. Katakon da za a yi wa fenti mai rufewa, 120 zuwa 150 ta wadatar. Wanda za a sa wa launi ko man ƙyalli, a tsaya a 180, in an matsa 220. Lamba 320 da abin da ya fi ta, aikinsu shi ne shafa tsakanin shafi da shafi bayan na farko ya bushe. Wuri ɗaya ne aka yarda a ƙara mataki, shi ne bakin katako inda aka yanke jijiyar itacen a gicciye, saboda wurin ya fi shan launi, in ba a ƙara masa laushi ba sai ya fi sauran jikin duhu. Filawud kuma a bi shi a hankali ƙwarai, domin fatar da ke samansa sau da yawa ba ta kai milimita ɗaya ba. Da 150 ko 180 ake taɓa shi, in an huda fatar nan kuwa babu gyara.

Bayan lamba sai irin ƙwayar. Wadda ta fi dacewa da yawancin aikin kafinta ita ce alminiyam oksaid, wadda ake samu daga dutsen boksait. Tana da juriya, ba ta da tsada ainun, kuma tana cin maɗaci da kawo da doka ba tare da ta mutu nan da nan ba. Silikon kabaid, wadda galibi baƙa ce ko ruwan toka, ta fi ta kaifi amma ta fi ta saurin farfashewa, don haka wurinta shi ne kan fenti da man ƙyalli da ƙarfe. Ita ce masu fentin mota ke jiƙawa da ruwa. Kada dai wani ya ga haka ya kawo ruwa kusa da injin lantarki. Ganet, mai ruwan ja-ja, dutse ne na halitta, yana barin fuska mai kyau a aikin hannu, amma a kan inji ba ya daɗewa. Zakoniya da siramik su ne masu tsada, su ne kuma masu cin katako mai tauri irin ƙirya, musamman a kan injin bel inda ake son rage nama da yawa. Launin takarda ba hujja ba ne, kowane kamfani da irin rinin da yake so. Rubutun da ke baya ko a jikin kwali shi ne abin dubawa.

Har ila yau akwai bambanci wajen yadda aka barbaɗa ƙwayoyin. Wata an cika fuskarta maƙil, wata kuwa an bar fili tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ƙwayoyin sun rufe rabin fuskar ko kashi biyu cikin uku. Mai cikakkiyar fuska ta fi saurin ci a kan busasshen katako mai tauri. Mai fili ita ce ta katako mai taushi, ko mai ƙaro irin maje, ko mai maiƙo irin tik, domin garin yana samun hanyar fita, ba ya cushewa. Akwai kuma wadda aka shafa wa wani farin abu mai kama da sabulu don kada fenti ya manne mata. Duk sanfefar da ta cushe ta daina yanka, zafi kawai take haifarwa, shi ne ake ganin baƙin tabon ƙuna a jikin katako. In katakon bai bushe ba kuwa, babu irin da za ta yi aiki. Katakon da aka ɗauko daga Sapele ko Ondo yana isowa Arewa da sauran danshi a jikinsa, kamata ya yi a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya sha iska tukuna.

To, sai maganar inji da abin da ya dace da shi. Mai bel shi ne na aikin ƙarfi, bel ɗinsa kuma awo gare shi, kamar milimita 75 a faɗi da 533 a zagaye, ko 100 da 610. Wanda bai yi daidai ba zai riƙa zamewa ko ya tsinke. Waɗansu bel suna da kibiya a cikinsu mai nuna inda za su fuskanta, in aka juya su baya mahaɗin yakan ɓalle. Wannan inji bin jijiyar itace yake bukata, a tsaye ba a gicciye ba, kuma a sama ake kunna shi sa'an nan a saukar da shi kan katako. Mai tafi murabba'i, wanda ke karkarwa, shi ne mai sauƙin ciyarwa, domin takardar kanti mai awon milimita 230 da 280 ake rabawa huɗu, ko uku, ko biyu, gwargwadon girman tafinsa, a maƙale da 'yan ƙarafan da ke gefe. Sai dai a huda mata ramuka daidai da na tafin, yawancinsu ma da farantin hudawa suke zuwa, yara ne ke jefar da shi tare da kwali. Na uku shi ne mai faifai wanda ke juyawa yana kuma lilo a lokaci guda, yadda ƙwaya ba ta bin sawu ɗaya sau biyu. Shi ne ya fi barin fuska mai kyau, shi ne kuma tafinsa ya fi bukatar bayani.

Tafin nan yakan zama milimita 125, watau inci 5, ko 150, watau inci 6. Na 125 galibi ramuka takwas gare shi, na 150 kuwa kowane kamfani da tsarin ramukansa. Ramukan ba ado ba ne, ta nan ne injin ke zuƙe ƙura. In ramukan faifan sanfefa ba su hau kan na tafin ba, ƙurar za ta taru a ƙarƙashi, ta cushe ƙwayoyin, ta riƙa birgima tana barin zane mai kama da wutsiyar alade, wanda shi ne babban abin kunyar wannan inji. Akwai faifai irin na raga wanda ƙura ke ratsa shi ta ko'ina, shi ba ruwansa da tsarin ramuka, sai dai ya fi tsada, kuma yana cin tafi in ba a sa masa shimfiɗa a tsakani ba.

Hanya biyu ake manna faifai. Akwai mai gam a bayansa, wanda ya fi araha kuma ya fi kwanciya sumul, amma in an ɓare shi ba ya komawa, ƙurar hunturu tana kashe gam ɗin, in kuma aka bar shi ya kwana a jikin tafi sai an yi kokawa kafin ya fita. A ɓare shi tun tafin yana da ɗumi. Ɗayan kuwa shi ne mai kama irin na ƙarangiya, wanda aka sani da sunan Velcro. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙago shi bayan ya duba yadda ƙayar wata ciyawa ta maƙale wa tufafinsa da gashin karensa a 1941. Duk wanda ya taɓa ratsa gona da kaka ya fito da ƙarangiya a wando ya riga ya fahimci yadda abin yake. Amfaninsa shi ne ana cire faifai a sa wani a komo da na farko, abin da mai hawa lambobi yake bukata ke nan. Rauninsa kuwa zafi. Ƙugiyoyin roba ne, in mai aiki ya danna injin da ƙarfi sai su narke su kwanta, daga nan faifai ya riƙa tashi sama yana faɗuwa tsakar shago. Akwai wata 'yar shimfiɗa siririya mai ƙugiya a fuska ɗaya da gashi a ɗaya da ake sawa tsakanin tafi da faifai. Ita ke mutuwa a madadin tafin, kuɗinta kuma bai kai nasa ba ko kusa.

Tafi kansa iri-iri ne wajen tauri. Mai tauri shi ne na shimfiɗaɗɗiyar fuska kamar saman tebur da ƙofa, domin ba ya lanƙwasa ya cinye baki, ba ya kuma bin taushin itace ya bar kwari. Matsakaici shi ke zuwa da inji daga kanti, yana kuma yin yawancin aiki. Mai taushi, ko soso mai kauri da ake ƙarawa a ƙarƙashin faifai, na ƙafar kujera ne da kan gado da duk wani wuri mai lanƙwasa. Wanda ya goge saman tebur da soso zai ga bakin teburin ya zama kamar bakin akushi. In tafi ya mutu, a ɗauki tsohon a tafi da shi kasuwa, saboda wani da sukurori uku ake ɗaure shi, wani huɗu, wani kuma ɗaya a tsakiya. Bugu da ƙari, a cikin injin akwai wani ƙarfe da aka auna nauyinsa daidai da nauyin tafin. In aka sa tafin da ya fi nauyi ko ya gaza, karkarwa za ta ƙaru, boris ya mutu da wuri, hannun mai aiki kuma ya riƙa dasashewa. Karkarwar da aka jure shekara da shekaru tana lalata jijiyoyin yatsu, ba kuwa kullum suke warkewa ba.

Shi wannan inji mai faifai a kan katako ake ɗora shi kafin a kunna, a ɗaga shi kafin a kashe. Nauyinsa da na hannu sun isa, ba a hawa kansa, ba a kuma karkata shi a ci da gefe. Tafiyarsa a hankali ce, kamar inci ɗaya a daƙiƙa. Mai kallo zai ce wasa ake yi, amma wanda ya riƙa wulwula shi kamar mai goge takalmi shi ne zai maimaita aiki.

Dole a yi magana a kan wata al'ada da ta yaɗu, watau ɗaura faifan sanfefa a kan injin yankan ƙarfe irin na masu walda. Ƙaramin injin nan yana juyi wajen sau 11,000 a minti ɗaya, juyi kuma na zalla ba lilo, saboda haka yana haƙa rami a katako cikin ƙiftawar ido, yana barin zane mai zagaye. Ga sassaƙa da cire tsohon fenti yana da amfani, ga aikin gamawa kuwa bai dace ba. Wanda ya zama masa tilas, to, ya duba lambar juyin da aka rubuta a jikin tafin roba, lalle ta kai ta injin ko ta fi. Tafin da aka yi domin injin da ke tafiya a hankali, in aka sa shi a nan yana iya tarwatsewa ya sami fuska. Kada a cire murfin kariya, kada kuma a kuskura a ɗaura masa faifan zarto.

Yanzu sai ƙura, wadda ita ce dalilin da ya fi kowane nauyi na wannan jawabi. Garin da zarto ke zubarwa yana faɗuwa ƙasa a share. Na sanfefa kuwa laushinsa ya kai ya daɗe yana shawagi a iska, wanda ido ba ya gani ma shi ya fi nisa cikin ƙirji. A cikin shekarun 1960 likitocin Ingila suka lura cewa wani irin ciwon daji na cikin hanci, wanda ba a cika ganinsa ba, ya yi yawa tsakanin masu ƙera kujeru a garin Hai Wikam. Bincike ya ci gaba a ƙasashe da dama, har a 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam wannan ciwo. Itatuwanmu na gida ma ba su da sauƙi. Loko, wanda aka fi sani da iroko, yana kawo ƙaiƙayin fata da fuka. Obece sananne ne wajen haddasa fuka. Mansoniya kuwa tana sa atishawa da haɓo da jiri. Allon MDF, da yake garin itace ne aka cuɗa da gam aka matse, ƙurarsa ta fi ta katako laushi, ga kuma sinadarin gam a ciki. A Ingila doka ba ta yarda ƙurar katako mai tauri ta wuce miligiram 3 a cikin kowace mita ɗaya murabba'iya ta ko'ina ta iska ba, a tsawon aikin awa takwas. Wannan ɗan mitsitsi ne ƙwarai in aka kwatanta da hazon da ake gani a shagon da ke goge loko ƙofa a rufe.

Dokar Masana'antu ta ƙasar nan ta 1987 ta ɗora wa mai wurin aiki nauyin kare ma'aikata daga shaƙar ƙura mai cutarwa, da kama ta kusa da inda take tashi, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta haɗa har da cututtukan da sana'a ke jawowa. Ko babu doka ma, yaron da iyayensa suka kawo koyon sana'a amana ne a hannun maigida, kuma shi aka fi bari da aikin guga tun safe har la'asar. Jakar ƙura da ke zuwa da inji kada a cire ta, a riƙa zazzage ta tun ba ta cika ba. Wanda ya sami hali ya haɗa injin da na'urar zuƙar ƙura ta hanyar mesa, zai ga sanfefarsa ma ta ƙara daɗewa. Takunkumin da ya dace shi ne mai alamar N95 ko FFP2 ko FFP3, wanda ke kama fuska ba ya barin iska ta gefe. Ƙyalle ko hankici da ake ɗaurawa a hanci manyan ƙwayoyi kawai yake tarewa. Madarar da waɗansu ke sha bayan aiki wai don ta wanke ƙirji, ciki take tafiya, ba ta bi ta huhu ba. A haɗa da tabarau na kariya, da abin toshe kunne ga mai aiki da injin bel. In za a share shago a yayyafa ruwa tukuna.

Tsohon fenti yana da nasa haɗarin dabam. Ƙofofi da tagogin tsofaffin gidaje da makarantu sau da yawa fentinsu yana ɗauke da dalma, in aka goge shi a bushe sai ta zama gari ta bi iska da tufafi zuwa gida. Jama'a ba su manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Irin wannan fenti a kankare shi da danshi, a nesa da yara da mata masu ciki. Kafin a goge tsohon katako kuma a cire ƙusoshi ko a nutsar da kansu, domin ƙusa tana yaga faifai, tartsatsinta kuma in ya shiga jakar ƙura yana iya cin wuta a ɓoye sai bayan an rufe shago.

Wutar gidajenmu mai ƙarfin bolt 230 ce. Injin gwanjo da ya fito daga Amurka na bolt 120 ne, in aka cusa shi a soket ba tare da na'urar rage wuta ba zai ƙone nan take, saboda haka a karanta farantin da ke jikinsa kafin a biya. Mai aiki da janareto ya ajiye shi waje, hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki.

Wajen sayen sanfefa, araha ba ta ado. A ce faifai ɗaya rabin kuɗin ɗaya ne, amma yana mutuwa cikin minti biyar, ɗayan kuwa yana kai minti ashirin, to, mai arahar ya ninka tsada, ban da lokacin da aka ɓata wajen canji. A duba bayan takarda a ga sunan kamfani da lamba a rubuce sarai. A murza ta da babban yatsa, a ɗan lanƙwasa ta. In ƙwayoyi suka zubo, gam ɗinta ba shi da kirki. Jabun kaya kuwa ana iya kai ƙararsu ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, watau SON. A fi sayen 80 da 120 da yawa, domin su ne ke ɗaukar nauyin aiki, masu laushi kaɗan sun isa. Bel ko faifan da ya cushe da gari alhali ƙwayarsa na da sauran kaifi, ana goga masa sandar ɗanyen roba yana juyawa, sai ya washe. Wanda ƙwayarsa ta dakushe kuwa a jefar, tsohuwar 80 ba ta zama 120, ƙona katako kawai take yi. Ajiya kuma a cikin akwati mai murfi, a kwance, nesa da ƙasa da rana, kowace lamba da nata wurin, domin danshin damina yana nannaɗe takarda ya sassauta gam, zafin bazara a ƙarƙashin kwano kuma yana busar da mahaɗin bel har ya tsinke ran da aka fara ɗora shi a inji.